Tiger I ko Tiger II: wace tankar Jamus ce ta fi?

Masu bibiyar tarihin Yaƙin Duniya na Biyu suna yawan tambayar wacce ta fi tsakanin waɗannan tankoki biyu na kamfanin Henschel.

Tiger I ta shiga fagen daga a 1942 kusa da birnin Leningrad na Rasha. Nauyinta kusan tan 57 ne, kaurin sulken gabanta milimita 100, a miƙe yake. Tiger II ta fara yaƙi a yankin Nomandi na Faransa a 1944, sulken gabanta milimita 150 kuma a karkace, don haka harsashi kan goce. Bakin igwar kowacce milimita 88 ne, amma ta Tiger II ta fi tsawo, tana huda sulke daga nesa sosai.

Matsalar tana wajen inji. Tiger II ta kusa tan 70, amma aka bar mata injin Maybach HL230 mai ƙarfin doki 700, wanda Tiger I ta baya-baya ke amfani da shi. Nauyin ya riƙa cinye giya da haƙoran da ke juya sarƙa, ga shan mai, ga gadojin da ba sa ɗaukarta. Da yawa sojojinsu ne suka fasa su bayan sun lalace a hanya. Tiger I ma laka kan daskare tsakanin tayoyinta a hunturun Rasha.

An ƙera Tiger I kusan 1,350, Tiger II ba ta kai 500 ba.

Rundunar da ke tafiya mai nisa, Tiger I ta fi dacewa da ita. Mai tsare wuri guda a buɗaɗɗen fili, da mai da makanikai a kusa, Tiger II ce tasa.