Reza, halawa ko man cire gashi: wanne ya fi sauƙin ƙuraje a mara?

'Yar'uwa, kin ce duk lokacin da kika aske gashin mara da reza, bayan kwana 2 ko 3 sai ƙaiƙayi ya taso, ƙuraje su feso, har kina hango gashi a naɗe cikin wasu, idan sun warke kuma su bar baƙin tabo, don haka kina tambaya ko halawa ko man cire gashi zai raba ki da wannan wahala. Wannan ba ƙazanta ba ce, kuma galibi ba ciwon sanyi ba ne kamar yadda ake saurin faɗa. Gashinmu murɗaɗɗe ne, ramin da yake tsirowa daga ciki ma a lanƙwashe yake, saboda haka idan aka yanke shi ƙasa ƙwarai aka bar masa tsini, sai ya lanƙwaso ya soki fata, ko ya kasa fitowa ya ci gaba da girma a ƙarƙashinta. Jiki kuwa yana ɗaukarsa tamkar ƙaya, shi ya sa wurin yake kumbura. Duk hanyar da za a auna, tambayar ita ce a ina take barin bakin gashin, kuma da tsini ko babu.

A wannan ma'auni reza ce a baya, duk da arharta da saurinta. Tana yanke gashi a karkace kamar fiƙar alƙalami, kuma mai baki 3 ko 5 da ake tallatawa ta fi illa ga irin gashinmu, domin bakin farko yana jawo gashin, na biye da shi ya yanke, sannan guntun ya koma ƙasan fata. Idan babu makawa sai ita, ki fara rage tsawon da almakashi, ki jiƙa wurin da ruwan ɗumi na kimanin minti 5, ki shafa kumfar aski ko sabulu marar turare, sannan ki bi da sabuwar reza mai baki ɗaya ta inda gashin ya kwanta. Kada ki ja fatar don ta miƙe, kada kuma ki maimaita wuri ɗaya don neman santsi, domin wannan santsin ne yake zama ƙuraje bayan kwana biyu. Rezar da ta kwana a jiƙe a banɗaki ta gama aiki, kuma ba a haɗa reza da kowa, ko da miji ne, saboda cututtukan da jini ke ɗauka irin su ciwon hanta.

Halawa, wadda ta zo mana tare da dilka daga gyaran jikin matan Sudan, sukari ce da ruwa da lemon tsami da aka dafa har suka yi danƙo. Tana tumɓuke gashi daga saiwa, don haka ana samun hutun mako 3 zuwa 4, sabon gashin kuma yana fitowa da laushin baki, ba da tsini ba. Amma alherinta duka yana hannun mai yi. Ƙwararriya takan shafa ta saɓanin kwanciyar gashi, ta danne fatar da ɗaya hannun, ta fizge a kwance ta inda gashin ya nufa, kuma idan kika duba dunƙulen za ki ga gashin da ɗan farin kai a gindinsa, alamar ya fito gaba ɗaya. Idan guntaye kika gani babu kan, to karyewa ya yi a cikin rami, kuma ƙurajen da za su biyo baya ba za su gaza na reza ba. Dole gashin ya kai tsawon ƙwayar shinkafa, wato kusan milimita 5, kafin ta kama shi, kuma ki tabbatar dunƙulen naki ne ke kaɗai. Abin da ya fi damuna shi ne mata masu shafa man sauya launin fata, domin fatarsu ta riga ta yi siriri, halawa tana iya ɗaye ta ta bar ciwo. Mai wannan hali ta haƙura da ita.

Man cire gashi, irin su Veet, narkar da gashin yake yi a daidai saman fata, ya bar bakinsa a dakushe, shi ya sa gashi bai cika komawa ciki ba. Sai dai sinadarin da ke cin gashi yana iya cin fata. Ana gwada shi a ɗan wuri a jira awa 24, ba a wuce mintocin da aka rubuta a jikin kwalin, ba a shafa shi kan ƙurji ko yanka, kuma iyakarsa matsematsi da saman mara, ba ya kusantar fatar ciki ta al'aura ko kaɗan.

Akwai hanya ta huɗu da ba ki ambata ba, kuma ita nake ba ki shawara yanzu: ƙaramin injin aski mai barin gashi kamar milimita 1 ko 2 a saman fata, inda ba shi da hanyar komawa ciki. Ta fuskar addini babu damuwa, domin hadisin Anas da Muslim ya ruwaito ya iyakance kada a wuce kwana 40, Imam Nawawi kuma ya bayyana cewa aski ne ya fi, amma ya halatta a rage da almakashi ko a tsige ko a cire da magani. Ki ajiye reza na mako 4, ki riƙa ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi na minti 10 safe da yamma, kada ki tono gashin da allura ko farce, domin tonon ne ke barin tabo. Idan fatar ta lafa, sai ki gwada halawa wurin wadda ta iya.

Kowace hanya kika bi, a kwana 2 na farko ki sa kamfai na auduga mai sakewa, ki nisanta wurin daga turare da humra da lemon tsami. Daga nan ki riƙa goge shi a hankali da tsumma mai laushi sau 2 a mako, ki shafa mai marar ƙamshi. Idan ƙurji ya zama maruru mai zafi da mugunya, ko ya zo da zazzaɓi, ko kina da ciwon sukari, ko kuma ƙurajen suna dawowa a matsematsi da hammata ko ba ki yi aski ba, ki je asibiti likita ya duba, kada ki matse shi a gida.