Otal ɗin gidan gona ko na cikin birni, wanne za ka kama?

Mutane sun ishe ni da tambaya wai in za a je hutu, otal ɗin gidan gona mai wurin tausa da wankan tururi ya fi ko babban otal na birni. To ga yadda nake gani.

Maganar kuɗi, kar ka ɗauka na ƙauyen ne mai araha, ɗakunansu kaɗan ne, kuma sau da yawa tausar daban ake biya, ga kuɗin mota kafin ka isa. A birni akwai gasa, kowa zai samu daidai aljihunsa.

Abinci kam gidan gona ya yi zarra gaskiya, kayan lambu daga gonar ake tsinko su, ƙwai na safiyar nan, amma fa abin da lokacin ya kawo shi za ka ci, ba zaɓi da yawa, kuma in aka rufe kicin da dare shi ke nan sai gobe. In akwai abin da jikinka ba ya so ka faɗa musu tun wajen kama ɗaki.

Netwok yakan yi rauni can, asibiti ma da nisa. Mai ciki ko mai ciwon zuciya ya tambayi likita kafin ya shiga ɗakin tururi.

Ango da amarya, da wanda aiki ya gajiyar yana neman shiru, gidan gona ne nasu. Mai mitin, mai son yawon dare, ko wanda ba shi da mota, birni ya fi masa.