Yarjejeniyar baka ko wadda kotu ta buga wa hatimi?

'Yar'uwa, tunda baban yaran ya shigar da ƙarar rabuwa har sammaci ya iso hannunki, fara duba wa'adin da ke jikinsa. Kowace kotu da nata kwanakin, amma in suka cika ba ki mayar da amsa ba, alƙali na iya yanke hukunci a bayan idonki, a kan abin da shi kaɗai ya faɗa. Shirin da kuka yi tsakaninku, yara na wajenki yana turo kuɗin ciyarwa duk wata, kotu ba ta san da shi ba sai an kai mata.

Ki kai mata. Ni haka muka yi da nawa. Muka zauna gaban lauya aka rubuta komai: wanda zai riƙe yara, ranakun da za su je wajensa, rabon hutun makaranta, nawa zai bayar da ranar biya, wa ke da asibiti, wa ke da kuɗin makaranta. Alƙali ya duba, ya mayar da yarjejeniyar umarnin kotu. Da ya sake aure kuɗi suka fara latti, wallahi ko murya ban ɗaga ba, hoton shafin kawai na tura masa, kuɗi suka shigo. Shi ma ta amfane shi, don ba ni da ikon hana shi 'ya'yansa ranar da raina ya ɓaci. Kuma in hali ya canza, ana iya komawa kotu a gyara.

Yarjejeniyar baka ba ta cin kuɗi, kuma takan yi aiki muddin ana ga-maciji. Iyakar alherinta kenan.

Kada ki ji tsoron cewa kai maganar kotu zai sa a karɓe miki su. Abin da alƙalai ke fara dubawa shi ne maslahar yaro, yadda Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta tanada, kuma ba kasafai ake tayar da yaron da ya zauna lafiya a wuri ɗaya ba. Sai dai ki riƙe shaida: saƙonninku na waya, rasit ɗin makaranta, bayanan banki. Daga yau ya riƙa turowa ta banki, ban da hannu da hannu. In shari'ar za ta ja, lauyanki ya nemi umarnin wucin gadi da zai tabbatar da shirin naku kafin a gama.

Sannan ki yi hattara da masu tare mutane a bakin kotu suna cewa sun san alƙali, ko za su cike miki takardu da rahusa. Yawancinsu ba lauyoyi ba ne. Ki tabbatar da rajistar duk wanda za ki ɗauka, ki karɓi rasit, kada kuma ki sa hannu a takardar da lauyan baban yaran ya kawo sai naki ya karanta ta.