Sharhi Kan Na'urar Hangen Nesa Ta Maksutov 127 Wajen Kallon Ramukan Wata Da Ɗaukar Hotonsu

Daga cikin na'urorin hangen nesa da masu sha'awar sararin samaniya ke saya don amfanin kansu, ƙirar Maksutov mai faɗin baki milimita 127 ta daɗe da yin suna wajen kallon wata. Kamfanin Sky-Watcher yana sayar da ita da sunan Skymax 127, Celestron kuma yana da irinta mai suna NexStar 127SLT, kuma ma'auninsu ɗaya ne: faɗin baki milimita 127, nisan tattara haske milimita 1500. An laƙaba wa ƙirar sunan Dmitri Maksutov, masanin gilashi na Tarayyar Sobiyet wanda ya fito da ita a 1941. Haske yana shiga ta wani gilashi mai kauri, lanƙwasasshe, da ke bakin bututun, ya faɗa kan babban madubi a gindi, ya dawo kan ƙaramin madubi da ke jikin gilashin gaba, sannan ya koma baya ta wani huji zuwa ido. Wannan kai-da-komon ne ya sa bututun da bai kai rabin mita ba yake aikin mai mita ɗaya da rabi. A ganina na'ura ce mai ƙunƙuntar sana'a, amma a wannan sana'ar tata, wato wata, da wuya a samu mai girmanta da ta fi ta.

Ana sanin yawan ƙarin girma ta hanyar raba 1500 da lambar gilashin da ake leƙawa ta cikinsa. Gilashin leƙe mai milimita 25 yana ba da ninki 60, kuma a nan wata gaba ɗayansa yana shiga ido har da ragowar fili a gefe. Mai milimita 10 yana ba da ninki 150, wanda shi ne inda na fi zama idan ramuka nake nema. Ana iya haurawa ninki 200 a daren da iska ta natsu, amma fiye da haka hoton girma kawai yake ƙarawa ba tare da sabon bayani ba. Bisa lissafi, baki mai faɗin milimita 127 yana iya rarrabe abubuwa biyu da ke tsakaninsu ɗan ƙasa da kilomita 2 a doron wata, wanda nisansa daga duniya ya kai kimanin kilomita 384,400. Wannan shi ne iyakar gilashin. Yawancin darare rawar iska ce take tsayar da mai kallo tun bai kai can ba.

Lokacin kallo ya fi komai muhimmanci. Daren sha huɗu, wanda sabon shiga yake zaton shi ne ya fi dacewa, shi ne mafi ƙarancin amfani ga mai neman ramuka, domin rana tana dukan doron wata daga sama kai tsaye, inuwa ta ɓace, komai ya yi fari fat. Abin da ake gani sosai a wannan dare shi ne fararen layukan da suka watsu daga ramin Tycho, waɗanda wasunsu suka yi tafiyar kilomita 1,500. Ramukan kansu suna fitowa ne a iyakar haske da duhu, inda rana take fitowa ko faɗuwa a kan wata, duwatsu suka jefa dogayen inuwoyi.

Wajen kwana 5 zuwa 6 da haihuwar wata, ramuka uku da ke jere, Theophilus da Cyrillus da Catharina, suna zuwa wannan iyaka, kuma na'urar tana nuna bambancin shekarunsu ƙarara: bangon Theophilus, mai faɗin kusan kilomita 100, yana da kaifi, kuma ya ci gefen Cyrillus wanda ya riga shi wanzuwa, ita kuwa Catharina ta lalace har bakinta ya dusashe. Da wata ya raba, sai jerin Ptolemaeus da Alphonsus da Arzachel ya bayyana a tsakiya. Sunan Arzachel na al-Zarƙali ne, masanin taurari na Andalus, kamar yadda Albategnius da ke kusa da su yake ɗauke da sunan al-Battani, kuma a cikin Alphonsus ne kumbon Ranger 9 na Amurka ya faɗa a 1965 yana aiko da hotuna har zuwa ƙarshe. Kwana ɗaya bayan haka tsagar Rupes Recta, mai tsawon kimanin kilomita 110, tana fitowa a matsayin baƙin layi siriri, kuma a ninki 150 ba a wahala wajen ganinta.

Inda na'urar ta fi burge ni shi ne Copernicus da Clavius, waɗanda suke kamawa wajen kwana 9 zuwa 10. Copernicus yana da faɗin kilomita 93 da zurfin kusan kilomita 4, kuma bangonsa ya zube hawa-hawa zuwa ƙasa. A daren da iska ta tsaya ana iya bin waɗannan hawa ɗaya bayan ɗaya, a kuma raba tsaunukan da ke tsakiyarsa. Da yake madubai ne suke yawancin aikin, babu shuɗin gefe ko jan gefe irin wanda gajerun na'urori masu gilashi zalla suke sakawa a bakin abu mai haske, kuma inuwar cikin ramin tana fitowa baƙa ƙirin. Clavius kuwa, mai faɗin fiye da kilomita 220 a kudancin wata, yana da jerin ƙananan ramuka a cikinsa da suka lanƙwasa suna raguwa a girma, tun daga Rutherfurd mai kimanin kilomita 50 har zuwa masu kilomita 12 ko 13. Duk waɗannan suna fitowa cikin sauƙi. Jarrabawa mai tsanani ita ce ƙananan ramukan da ke shimfiɗar ramin Plato, waɗanda manyansu ba su wuce kilomita 2 da ɗoriya ba. Suna dab da iyakar wannan gilashi, kuma sau da yawa sai dai a hango su kamar ɗigon fari na ɗan lokaci su sake ɓacewa.

Wajen ɗaukar hoto, hanya mafi sauƙi ita ce ɗaure wayar salula a bakin gilashin leƙe da maƙali, a kulle saitin kaifi da na haske, a rage hasken da hannu domin wayar tana yawan ƙona farin ɓangaren wata, sannan a sa mai ƙidayar lokaci don kada taɓawar yatsa ta girgiza bututun. Hoton da ake samu ya isa a gane manyan ramuka. Mai kyamarar da ake cire wa gilashi zai iya haɗa ta kai tsaye da gindin bututun, inda hoton wata yake kai faɗin kusan milimita 14, wato da ƙyar yake shiga farantin ɗaukar hoto na kyamara mai girman da ake kira APS-C idan wata ya cika.

Ainihin ƙarfin na'urar yana fitowa ne da ƙaramar kyamarar bidiyo ta taurari, irin su ZWO ASI224MC. Ana ɗaukar bidiyo na firam (wato ɗaiɗaikun hotuna) dubu biyu ko uku da manhajar SharpCap ko FireCapture, sai manhajar AutoStakkert ta tace firam ɗin da aka ɗauka lokacin da iska ta lafa, ta ɗora su kan juna, sannan a fito da kaifin da RegiStax. Sakamakon yakan nuna abin da ido ya kasa riƙewa, har da ramukan Plato da aka ambata. Sai dai filin wannan kyamara a kan milimita 1500 kimanin sulusin faɗin wata ne kawai, kuma juyawar duniya tana ratsa rami daga wannan gefe zuwa wancan cikin ƙasa da minti ɗaya. Saboda haka mazauni mai inji da ke bin wata wajibi ne ga mai wannan aiki.

Ƙirar tana da nata sharuɗɗa. Bututun a rufe yake, gilashin gaba kuma mai kauri ne, don haka idan aka fito da shi daga ɗaki zuwa iskar da ta fi sanyi yana bukatar rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin hoton ya daina malala. Mutane da yawa suna yanke wa na'urar hukunci a cikin wannan rabin sa'ar, kuma ba su yi mata adalci ba. Raɓa tana kama gilashin gaba da wuri, amma dogon murfi da ake naɗawa a baki yana jinkirta ta. Ana saita kaifi ne ta hanyar matsar da babban madubi, shi ya sa hoton yakan ɗan goce idan aka juya maɓallin baya, abin da ba ya damun ido amma yana iya fitar da rami daga ƙaramin farantin kyamara. Madubin kusurwa da ake sawa a gindi yana juya hagu zuwa dama, saboda haka taswirar wata da aka buga a juye ta fi sauƙin bi. Ƙafafu marasa nauyi kuma suna ɓata komai a ninki 150, domin taɓawa kaɗan tana sa wata rawa na tsawon daƙiƙoƙi.

Wanda burinsa faffaɗan fili ne, kamar tarin taurarin Kaza da 'Ya'yanta ko manyan gajimaren sararin samaniya, ya nemi wata na'urar, domin filin wannan da ƙyar yake wuce digiri ɗaya. Madubin Dobson, wata ƙirar na'urar hangen nesa, mai faɗin inci 8 ma ya fi ta nuna ƙananan ramuka, amma yana da girma da nauyi, kuma irinsa na hannu ba ya bin wata. Wanda yake son abin da zai ɗauka da hannu ɗaya, wanda ba kasafai yake bukatar daidaita madubai ba, kuma wata da duniyoyin Jupita da Satan ne abin nemansa, ina ba shi shawarar wannan, da sharaɗin ya ware wani kaso mai tsoka na kuɗinsa ga mazauni mai ƙarfi da gilashin leƙe mai kyau guda ɗaya tsakanin milimita 8 da 10.