Ƙwan fitilar LED da na sa wa motata, da abin da ya same ni a hanyar Daura

Na jinkirta rubuta wannan sharhi har kusan wata uku, domin ina son fushina ya lafa tukuna, kada in zalunci kayan ko wanda ya sayar mini da su. Motata Honda Civic ce ƙirar 2003, wadda ke amfani da ƙwan H4, wato ƙwai ɗaya da ya haɗa dim da ful-layit, kuma tun ƙarshen daminar bara haskenta ya yi raunin da na daina son tuƙin dare. Na je wani shagon kayan wutar mota a nan Kano da niyyar sayen ƙwan halojin irin wanda motar ta zo da shi, amma mai shagon ya ce mini, "Alhaji, ai an wuce zamanin wannan, sa LED ka ga bambanci." Ya jona ɗaya a batir a gabana, shagon ya haske fari fat, nan take na biya kuɗin da ya ninka na halojin sau da yawa, yaronsa kuma ya ɗaura mini.

Gaskiya a makonnin farko na ji daɗinsa ƙwarai, domin a cikin gari allunan titi da bayan motoci suna fitowa tar, kuma ba ya jan batir kamar tsohon. Abin da ya fara damuna shi ne yadda direbobin da ke tahowa suke ta haska mini fitila alhali ina kan dim, amma a lokacin na ɗauka rashin sabo da farin haske ne kawai.

A watan Janairu na je ta'aziyya Daura, ban samu fitowa ba sai bayan sallar Magariba, ga iyalina da yara biyu a baya, ga hazo ya sauka sosai a ranar. Muna wuce Kazaure na gane cewa na shiga matsala, domin hasken bai sauka a kan kwalta ba, sai ya watsu sama ya bugi ƙurar da ke cikin iska ya dawo mini a ido, ya zama kamar an rataye farin zane a gaban motar. Idan na sa ful-layit abin ya ƙara muni, idan na dawo dim kuma masu tirela su ɗauka da gangan nake kashe musu ido, su rama da dukan fitilun da Allah ya hore musu. Kafin mu kai Ɗambatta fitilar ɓangaren dama ta fara kyaftawa, can kuma ta mutu gaba ɗaya, kuma ita ce mai haska gefen titi. Ba mu yi nisa ba sai ga amalanken shanu maƙare da kara a gabana, wanda ban gan shi ba sai da ya rage 'yan taku kaɗan. Na taka birki da iyakar ƙarfina, motar ta sauka gefen kwalta, ƙaramin yarona ya bugu da bayan kujera ya fashe da kuka, uwargidana kuwa sai salati take yi. Allah ya kiyaye, ba mu taɓa amalanken ba, amma sauran tafiyar a hankali na yi ta da fitila ɗaya, hannuna yana rawa har muka shigo Kano.

Washegari na kai motar wurin wani dattijon mai wayarin da abokina ya kwatanta mini, kuma a nan ne na sami abin da zan yaba a duk wannan lamari. Da ya ciro ƙwan ya nuna mini ƙaramar fankar da ke bayansa ta toshe da ƙura ta daina juyawa, zafi ya ƙona shi. Daga nan ya bayyana mini cewa madubin da ke cikin gidan fitilar an ƙera shi ne daidai da inda siririn zaren halojin yake zama, don haka idan aka sa ƙwan da haskensa ke fitowa daga wani wuri dabam, ko da bambancin kaɗan ne, hasken ba zai taru inda ake buƙata ba. Ya ce mini, "Yallaɓai, tun farko ba ƙwanka ne ya gaji ba, fuskar fitilar ce rana ta cinye." Ashe robar gaban fitilar ce ta yi ruwan ɗorawa ta dushe, ita ke tare hasken.

Ya goge ta da sanfefa da ruwa, daga mai lamba 800 zuwa 1500 zuwa 2000, ya bi ta da man gogewa, sannan ya fesa mata abin kariya daga rana. Ya sa sababbin halojin masu wat 60/55 a ɓangarorin biyu tare, ya riƙe su da tsumma mai tsabta, domin maiƙon yatsa a jikin gilashin yana rage musu kwana, ya kuma hana ni sayen masu wat 100 saboda suna narka soket. Bayan Isha'i ya sa na tsayar da motar kamar mita bakwai daga katanga, ya daidaita tsayin hasken da sukurorin baya har layin ɓangarorin biyu ya zo daidai. Tun daga ranar babu direban da ya sake haska mini fitila, kuma ina hango rami tun daga nesa.

Na so in tsaya a nan in ce ƙwan LED ɗin bai dace da motata ba ne kawai, amma akwai abin da har yanzu yake cin raina. Dattijon ya nuna mini cewa yaron shagon ya yanke murfin robar da ke rufe bayan gidan fitilar da wuƙa domin fankar ta samu wurin zama, bai kuma gaya mini ba, ta nan ne ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta a kan madubin, wanda ba a iya goge shi da hannu ba tare da an kankare shafensa ba. Da na koma shagon da mataccen ƙwan a cikin kwalinsa, mai shagon ya ce kayan wuta ba su da garanti, alhali bai faɗi haka ba ranar da yake karɓar kuɗina, ya kuma nemi in sayi wani mai tsada da ya ce ya fi inganci. Ban sayi komai ba, ba kuma zan sake taka shagon ba. Yanzu ina neman murfin robar guda biyu a wurin masu kayan baljiyam, domin idan damina ta faɗi a haka, ruwa ne zai biyo hanyar da ƙurar ta bi.