Kafin a sayi maganin ƙasar lambu mai gubar dalma

Mai lambu a gefen garin Bauchi ko Gombe, wanda filinsa ke kusa da tsohuwar bola, ko garejin bakanike, ko wurin masu fasa batir, yana da dalilin zargin ƙasarsa. Haka ma wanda ke noma kusa da ramukan haƙar dalma a yankin Alkaleri. Ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom da zaiba ba sa ruɓewa kamar ganye, suna zama a ƙasa shekaru masu yawa, kuma abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, ya isa ya nuna cewa batun ba na wasa ba ne. Tambayar ita ce a kan me ya kamata manomi ya kashe kuɗinsa.

Kuɗin farko na gwaji ne. Ƙaramar na'urar da ake sayarwa a shagunan kayan noma tana auna tsamin ƙasa da danshi ne kawai, ba ta ganin dalma. Ƙarfen da ke cikin ƙasa sai ɗakin gwaje-gwaje, irin na sashen kimiyyar ƙasa ko na sinadarai a jami'a, kuma malamin gona zai iya nuna hanyar kai samfur. A ɗebo ƙasa daga wurare biyar ko shida na filin, daga sama zuwa zurfin santimita 15, a kai tare da ruwan da ake ban-ruwa da shi, domin sau da yawa ruwan kwata ne ke kawo gubar. Don a san yadda za a karanta sakamako, hukumar kare muhalli ta Amurka ta rage mizaninta na dalma a ƙasar gidaje daga miligiram 400 zuwa 200 a kowane kilo a shekarar 2024.

Idan sakamako ya yi sama, kuma lambun ƙarami ne, noman buhu shi ne zaɓin da na fi amincewa da shi. Ana cika buhu ko akwatin katako da ƙasa mai tsabta da aka ɗauko daga nesa, a shimfiɗa leda a ƙarƙashi don kada saiwa ta kai ga tsohuwar ƙasa, sannan a rufe hanyoyin tsakani da ciyawa ko tsakuwa saboda ƙurar hunturu. Tsadarsa tana cikin jigila, kuma buhu yana shanye ruwa da sauri a zafin watan Afrilu. Amma shi ne ke raba saiwar shuka da ƙasar mai guba baki ɗaya. Abin lura a nan shi ne mai tifa: a tambaye shi inda ya ɗebo ƙasar, domin baƙar ƙasar bola da mutane ke rububinta saboda ƙarfin takinta ita ce ke tafe da fasassun batura da tokar kayan lantarki.

Mai fili babba ba zai iya sauya ƙasa ba, don haka sai ya koma ga abubuwan da ke ɗaure ƙarfen a inda yake. Farar ƙasar noma tana rage tsami, kuma idan ma'aunin tsamin ƙasa (pH) ya kai 6.5 zuwa 7, saiwa ba ta jan kadmiyom da dalma sosai. Sai dai ƙasar da tun asali ba ta da tsami ba ta bukatarta, kuma yawanta yana hana shuka samun wasu sinadaran abinci, saboda haka sayenta ba tare da gwaji ba asara ce. Ruɓaɓɓen takin shanu da gawayin buntun shinkafa sun fi araha, musamman ga na kusa da Dadin Kowa inda buntu ke samuwa, suna kuma gyara ƙasar ta fuskar riƙe ruwa. Aibinsu shi ne sai an riƙa ƙarawa, domin gubar tana nan, an dai rage mata motsi ne. Duk dillalin da ya ce garin maganinsa na wanke ƙasa cikin damina ɗaya, a bar masa kayansa.

Zaɓen iri ba ya cin ko sisi fiye da yadda aka saba, amma yana da tasiri babba. Alayyafo da latas sun fi tara kadmiyom a ganyensu, karas da dankali kuwa suna fitowa da ƙasa manne a jikinsu. Tumatir da attarugu da kuɓewa sun fi sauƙin haɗari, tunda kaɗan ne daga dalmar ke isa ga 'ya'yansu. Ƙa'idar abinci ta duniya ta ƙayyade dalma a kayan ganye a miligiram 0.3 a kilo, kadmiyom kuma 0.2, don haka mai son ci gaba da noman ganye sai ya kai ganyen kansa gwaji bayan girbi.

Akwai masu ba da shawarar shuka tsirrai irin su sanfulawa don su tsotse gubar. Aikin yana ɗaukar shekaru, bai cika tasiri a kan dalma ba, kuma karan da aka girbe ba a ba dabbobi, ba a ƙona shi a murhu. Filin da gwaji ya nuna gubarsa ta wuce ƙima ya fi dacewa da itatuwan katako ko inuwa, a kuma killace shi don kada yara su shiga wasa.