Sharhi: Zama goma da ni da maiɗakina muka yi wurin mai ba ma'aurata shawara a Kano

Sai da na nemi amincewar maiɗakina kafin na rubuta wannan sharhi, domin sirrin da ke cikinsa namu ne mu biyu, kuma ta amince bisa sharaɗin cewa ba zan ambaci sunanta ko sunan wurin da muka je ba. Wurin wata ƙaramar cibiya ce mai zaman kanta a cikin birnin Kano, inda wata ƙwararriya a fannin halayyar ɗan Adam take ganin ma'aurata da masu fama da damuwa. Mun yi zama goma da ita tsakanin watan Fabrairu da watan Yunin bara, kowane zama minti hamsin, takwas ido da ido, biyu kuma ta kiran bidiyo.

Shekararmu tara da aure lokacin da Allah Ya ba mu haihuwa ta uku. Bayan an yi arba'in, gwaggonta da ta zo zaman jego ta koma gida, sai na fara ganin wata mace daban a ɗakina. Ba ta barci ko da jaririn ya yi barci, abinci ba ya sauka a kan lokaci, in na shigo da sallama da ƙyar take amsawa, kuma sau da dama nakan same ta tana hawaye a kicin, in na tambaya ta ce ba komai. Ni kuwa na fassara duk wannan da raini, na kuma mayar da martani da abin da na iya, wato shiru. Na koma zaman majalisa har ƙarfe goma sha ɗayan dare, kuɗin cefane kuma nakan ajiye su a kan firji in fice, in akwai saƙo in ce wa babbar 'yarmu ta je ta faɗa wa mamansu. Akwai lokacin da muka yi kwana goma sha tara a gida ɗaya ba mu yi maganar da ta wuce gaisuwa ba.

Manya sun shiga tsakani har sau biyu, ƙanin mahaifina da yayan mahaifinta, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a samo mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Ba na raina wannan zama ko kaɗan, domin shi ne ya hana maganar yaji ta taso. Sai dai a gaban suruki babu wanda yake iya buɗe cikinsa duka. Ita ta sunkuyar da kai ta ce a yafe mata, ni na ce na yafe, aka yi mana nasiha a kan haƙuri, aka shafa fatiha, bayan mako guda muka koma gidan jiya. Ƙanwarta, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta kawo shawarar mu ga ƙwararre. Da farko na ƙi, saboda a Kano da zarar an ambaci likitan ƙwaƙwalwa, tunanin mutum asibitin masu taɓin hankali na Dawanau yake tafiya, ni kuma ban ga abin da ya haɗa saɓanin miji da mata da taɓin hankali ba. Abin da ya sa na sauko shi ne ranar da na ji 'yarmu ta tambayi mahaifiyarta ko Abba ya daina son su ne.

Zaman farko ya burge ni ta fuskar tsari. Malamar, haka muke kiranta, ta fara da bayyana iyakar aikinta: ita ba alƙaliya ba ce, ba ta ba da fatawa, ba ta rubuta magani, kuma duk abin da aka faɗa a ɗakin ba zai fita ba sai in ta ga rayuwar wani tana cikin haɗari. Na nemi ganin shaidar karatunta, ta nuna mini takardar digiri na biyu a fannin ba tare da ta ɓata rai ba, kuma ina ba duk mai niyyar zuwa irin wannan wuri shawarar ya yi wannan tambaya, domin masu kiran kansu gwanayen gyaran aure sun cika Facebook da TikTok, da yawansu kuma ƙarshen shawararsu tallan kayan mata ne. Daga nan ta raba mu, ta ga kowa shi kaɗai na minti goma sha biyar, ta tambaye ni kai tsaye ko na taɓa ɗaga wa matata hannu ko na yi mata barazana. Raina ya sosu da tambayar. Daga baya ta yi mini bayanin cewa kowane miji take yi wa ita, saboda in akwai duka a cikin aure, zaunar da mutum biyu wuri ɗaya su yi ta tone-tone yana iya jefa matar cikin haɗari idan sun koma gida. Na ga hikimar hakan, kuma ya ƙara mini natsuwa da ita.

A zama na biyu ne aka yi abin da shi kaɗai ya isa ya biya duk kuɗin da na kashe. Malamar ta fito da wata takarda mai tambayoyi goma, wadda ta ce ana kiranta ma'aunin Edinbura, an ƙirƙiro ta a shekarar 1987 domin gano ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma tambayoyin duka a kan kwana bakwai da suka wuce suke. Ta riƙa karantawa tana fassara wa maiɗakina da Hausa: ko tana iya dariya kamar da, ko tana ɗora wa kanta laifi ba gaira ba dalili, ko baƙin ciki yana hana ta barci, ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zo mata. Ina zaune a gefe ina jin amsoshin da a wata biyar ban taɓa ji ba, domin ban taɓa yin tambayar da za ta fito da su ba. Makin da ta samu ya yi yawa, Malamar kuma ba ta yi ƙoƙarin riƙe mu a wurinta ba, nan take ta rubuta mana takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin gwamnati, ta bayyana mana cewa shi likita ne mai ikon tabbatar da ciwo da rubuta magani, ita kuma aikinta na magana ne da horar da tunani. Likitan ya tabbatar da ciwon, ya ba da maganin da ya dace da mai shayarwa, ya kuma gargaɗe mu cewa sai an yi makonni kafin a ga aikinsa, kada a yanke shi don an ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin ɗari na matan da suka haihu suna fuskantar irin wannan matsala, kuma adadin ya fi haka a ƙasashe masu tasowa, amma a gidajenmu akan ce maijego ta cika shagwaɓa, ko a ce iska ce ta shafe ta.

Na ɗauka da an gano ciwonta magana ta ƙare, ashe nawa gyaran yana gaba. A zama na huɗu Malamar ta dube ni ta ce, "Malam, a cikin kwana goma sha taran nan da ka yi shiru, me kake jira ta yi?" Na ce ina jira ta gane laifinta. Ta ce, "Ka faɗa mata laifin?" Na ce a'a, ai ta sani. Sai ta juya wurin maiɗakina ta tambaye ta abin da ta fahimta daga shirun, ita kuma ta ce ta ɗauka na gaji da ita ne, ina shirin ƙaro aure, shi ya sa kullum take ƙara matsa mini da tambaya da ƙorafi. Malamar ta zana mana da'ira a kan farar takarda: ita tana jin an yi watsi da ita sai ta matsa, ni ina jin an matsa mini sai in janye, janyewata kuma ta ƙara mata tsoro. Duk tsawon shekarun nan ina kiran wannan hali nawa haƙuri da kawaici, har ina ganin na fi mazan da suke faɗa da zagi. A ranar na gane cewa mai haƙuri yana danne fushinsa ne ya ci gaba da kyautatawa, ni kuwa gaba nake yi, ina hora ta da shiru. Hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku na san shi tun ina makarantar Islamiyya, amma ban taɓa kawo shi cikin ɗakina ba.

Malamar ta dogara sosai da binciken John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Washington a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda ma'aurata suke gardama. Ya ware halaye huɗu masu rusa aure: sukar halin mutum maimakon aikin da ya yi, wulaƙanci, kare kai ta hanyar mayar da laifi, da kuma toshe ƙofar magana, wanda ya ce ya fi yawa a wurin maza. Wulaƙanci ne ya fi sauran haɗari. Bayanin da ya fi yi mini amfani shi ne cewa idan rai ya ɓaci bugun zuciya yakan haura ɗari a minti ɗaya, kuma a wannan hali kunne ba ya ɗaukar magana, jiki yana buƙatar aƙalla minti ashirin kafin ya lafa. Saboda haka ba ta hana ni fita idan na ji zuciyata ta kawo wuya ba, sharaɗi ɗaya ta gindaya: in faɗi lokacin da zan dawo mu ƙarasa. Maimakon in ɗauki makullin mota in ɓace, sai in ce, "Maman yara, raina ya ɓaci yanzu, bari in je masallaci, bayan Isha'i mu zauna." Ita kuma aka koya mata ta daina buɗe magana da "kai kullum", ta fara da abin da take ji da abin da take so a yi.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma adalci ne in faɗe su. Na farko kuɗi: naira dubu ashirin da biyar kowane zama, wato dubu ɗari biyu da hamsin, ban da kuɗin magani da na mota, kuma inshorar lafiyata ba ta ɗauki ko sisi ba. Ma'aikaci mai matsakaicin albashi sai ya ci bashi ko ya jira kwasar adashi. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma ni dai a aljihuna ban ga sauƙin da ta kawo ba tukuna. Na biyu, takardun aikin gida duk da Turanci suke, kuma an tsara su ne domin gidan da babu kowa sai miji da mata da 'ya'yansu. Wata takarda ta nemi mu zauna mu kalli idon juna na minti biyar, wata ta nemi mu riƙa fita cin abinci mu biyu kowane mako, alhali mahaifiyata tana sashe ɗaya na gidan, kuma babu yadda matar ɗa za ta wuce ta gaban Hajiya da dare ta ce za su shaƙatawa. Da muka yi ƙorafi Malamar ta saurara, ta mayar da aikin ya zama shan shayi tare na minti goma sha biyar bayan yara sun kwanta, wayoyi a ajiye. Ya kamata a ce an yi wannan gyara tun kafin a miƙa wa Bahaushe takardar.

Sirri ma yana da rauni a bakin ƙofa. Mai karɓar baƙi takan kira suna da ƙarfi a ɗakin jira, kuma wata rana na haɗu da wanda muke sallah a masallaci ɗaya, kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Sau biyu an ɗage mana zama bayan mun riga mun iso. Zama ta bidiyo kuwa ban ba kowa shawararsa ba, domin sadarwa ta riƙa yankewa a tsakiyar magana mai nauyi, yara kuma suna leƙowa. Haka nan babu ƙwararre namiji a cibiyar, na kuma san maza da yawa da wannan kaɗai zai hana su zuwa.

Duk da haka, in aka tambaye ni ko zan sake biyan kuɗin, zan biya. Wurin ya dace da ma'auratan da suke son zaman amma magana ta gagare su, musamman in an ga mace ta sauya bayan haihuwa. Wanda yake neman a yanke masa hukuncin wane ne mai laifi, ko a ba shi hukuncin shari'a a kan saki ko ciyarwa, gara ya nufi malamai ko kotu, domin Malamar da kanta can take tura irin waɗannan tambayoyi. Maiɗakina ta ci gaba da ganin likitanta, kuma da izininsa aka rage maganin a hankali har aka tsayar. Saɓani bai ƙare a gidanmu ba. A makon jiya ma mun yi sa-in-sa a kan kuɗin makarantar yara, na ce mata zan zagaya in dawo ƙarfe tara, na kuma dawo tara saura minti biyar na tarar ta ɗora ruwan shayi, takardar kuɗin makarantar tana kan tabarma.